Yadda ake sabunta shafin kamfanin kayan naƙasassu ya yi kyau kuma makaho ya yi sayayya da kansa

Kamfanin da ke sayar da farar sandar makafi amma makaho ba zai iya shiga shafinsa na intanet ya ji kuɗin sandar da kansa ba, wannan daidai yake da wanda ya buɗe shagon keken guragu a saman bene kuma babu gangara sai matakala. Abin yana damuna sosai, kuma yawanci ba mugunta ba ce, rashin sanin ta inda za a faro ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta wa ƙannena masu haɗa shafuka a Garwa da Marwa da Ngaundere, har Kusiri da tsallaken gada a Njamena, yadda ake bin aikin daki-daki idan an kawo maka shafin kamfani ko ƙungiyar da ke harkar keken guragu, na'urar ji, sandunan dogarawa, agogo mai magana, allon rubutun makafi da makamantansu. Kuma kar ka ɗauka ƙaramar kasuwa ce, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum sama da biliyan 2.5 ne ke buƙatar irin waɗannan kaya aƙalla guda ɗaya, kusan biliyan 1 kuma ba su samu ba. Nan Kamaru ma muna da doka mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 kan kare haƙƙin naƙasassu, saboda haka ba alfarma kake yi wa kowa ba.

Matakin farko babu kwamfuta a cikinsa. Idan Alhaji ko Hajiya mai kamfanin suka kira ka abin da za ka ji bai wuce "ɗana a mai da mana shi na zamani" ba, sai a nuna maka wani shafi a waya mai hotuna suna ta yawo da siririn rubutu launin toka. Kar ka yi gardama a wajen, ka ce toh ranka ya daɗe za a yi, amma ka roƙi a haɗa ka da mutanen da ke sayen kayan da kuma yaron da ke ɗaga waya a shago. Za ka tarar masu sayen kala-kala ne, akwai makahon da ke amfani da wayarsa da kansa, akwai uwar yaron da bai ji, akwai ɗan da mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki yana neman keke da gaggawa, akwai ma'aikacin asibiti. Amma tambayoyinsu kusan ɗaya ne: nawa ne, akwai shi yanzu, girman zai yi wa mai shi, ta yaya zai iso Mokolo ko Yagwa, idan ya lalace wa zai gyara. Ka rubuta su. Duk abin da ke shafin farko da ba ya amsa ɗaya daga cikinsu, irin su dogon tarihin kamfani da hoton ranar da aka yanka ƙyalle, a mai da shi ciki.

Daga nan sai ka kwafi tsohon shafin gaba ɗaya ka adana, da fayilolinsa da rumbun bayanansa, ka kuma jera adireshin kowane shafi a takarda don za ka buƙace su ranar buɗewa. Sabon aikin a wani wuri daban za ka yi shi, ba a kan wanda mutane ke shiga ba.

Yanzu ka binciki tsohon don ka san ciwonsa. Ma'aunin da duniya ke bi sunansa WCAG, ƙungiyar W3C ce ke fitar da shi, na 2.0 ya fito a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 a Oktoba 2023, kuma yana da hawa uku, A da AA da AAA. Kai dai ka sa AA a gaba, kuma ka rubuta shi ƙarara a yarjejeniyar aiki. Akwai kayan dubawa na kyauta, WAVE na ƙungiyar WebAIM, da axe, da Lighthouse wanda ke cikin Chrome tuntuni. Ka bi da shafin ta cikinsu, za su fito maka da jajayen alamomi birjik, kar gabanka ya faɗi, WebAIM ɗin nan da suka duba shafukan farko guda miliyan 1 a 2024 sun samu kusan kashi 96 cikin 100 suna da kuskure, kuma wanda ya fi yawa shi ne rubutun da bai fito sosai daga launin bayansa ba. Sai dai waɗannan kayan wani ɓangare kawai suke kamawa. Gwajin gaske shi ne ka ɗauki waya, irin Tecno ko Itel da mutanenmu ke riƙewa, ka shiga saiti wajen da aka rubuta Accessibilité ka kunna TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke allo da murya, ka rufe ido ko ka rage hasken allo, ka ja yatsa dama don zuwa abu na gaba, ka taɓa sau biyu don buɗewa, ka ce yau sai na gano kuɗin farar sanda. A kwamfuta kuma ka sauke NVDA, shi ma manhajar karanta allo ne, kyauta ne, makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka ƙirƙiro shi, Michael Curran da James Teh. Abin da kunnenka zai ji a wannan zaman ya fi duk wani bayani da zan yi maka.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi so ka daɗe a kansa, wato ƙashin shafin, tun kafin maganar launi. Makaho ba ya karanta shafi daga sama har ƙasa, tsalle yake yi. A NVDA yana danna harafin H ya tsallaka daga kan magana zuwa kan magana, yana danna Insert da F7 a jero masa duk mahaɗan da ke shafin. Toh ka ga idan kan maganarka rubutu ne kawai da ka ƙara wa girma da kauri ba ka sa masa h1 ko h2 na gaske ba, wato alamomin HTML na kan magana, a wajensa shafin nan fili ne fetal babu alama ko ɗaya. Ka sa h1 guda ɗaya a kowane shafi, manyan sassa h2, na ƙarƙashinsu h3, kar ka tsallake don kawai girman wani ya fi burge ka, girma aikin CSS ne. Haka mahaɗai, idan aka jero masa ya ji "danna nan, danna nan, ƙara karantawa, danna nan" me ya ƙaru da shi? Ka rubuta "duba kuɗin keken guragu", "kira shagonmu na Garwa". Maballi ya zama button na gaske, mahaɗi ya zama a, jerin sassa ya shiga nav, gundarin shafi ya shiga main, kar ka ɗauki div ka yi masa kwalliya ka ce maballi ne don manhajar karanta allo ba za ta san ana danna shi ba. ARIA kuma, wato ƙarin alamomin da ake sa wa HTML don manhajar karanta allo, ka bar ta sai inda HTML ya gaza, yawan zuba ta ba ilimi ɓarna yake ƙarawa. Idan da WordPress kake aiki, ka faro da jigon da ke ɗauke da alamar accessibility-ready, zai rage maka rabin wahala. Sassan sama ma kar su wuce kima: kaya, farashi da biya, gyara, tuntuɓa, shikenan. Kuma ka raba kayan yadda mutum ke tunani, na gani, na ji, na tafiya, ba da sunan kamfanin da ya ƙera ba.

Sai yanzu mu zo kan kyau, don Alhaji yana da gaskiya, shafin ya kamata ya yi kyau, kuma naƙasasshe ma yana son abu mai kyau, kar a ba shi shafi mai kama da takardar asibiti. Zamananci a wajena shi ne sarari, tsabta, hoto mai kyau guda ɗaya maimakon goma, launuka biyu ko uku. Dokar launi ita ce rubutu na yau da kullum ya bambanta da bayansa da aƙalla 4.5 bisa 1, manyan rubutu kuma 3 bisa 1, ka sa lambobin launin a ma'aunin WebAIM ya gaya maka. A kan fari, tokar da ta wuce #767676 haske ta faɗi. Wannan ba don masu raunin gani kaɗai ba ne, ka fita tsakar rana a Marwa cikin watan Afrilu da waya mai tsagaggen gilashi ka gwada karanta siririn rubutun nan mai launin toka, kai ma mai ido biyu ba za ka gani ba. Rubutun jiki kar ya gaza fiksel 16, ka auna shi da rem don ya bi saitin mai waya, kuma don Allah kar ka kulle zuƙowa, mutum ya iya ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 ba tare da wani abu ya hau kan wani ba, shafin kuma ya zauna daidai a faɗin fiksel 320 ba sai an ja shi gefe ba. Maballai su yi girma, WCAG 2.2 ta ce aƙalla 24 da 24, ni dai ina kai su 44 saboda tsoho mai rawar hannu da wanda yatsunsa suka naƙasa.

Kar launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Misali batirin na'urar ji, kowane girma da launinsa a kwali, 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Idan ka jera ɗigo huɗu masu launi ka ce a zaɓa, makaho da wanda ba ya bambance launi sun tashi a tutar babu. Ka rubuta lambar da sunan launin a jikin kowane zaɓi. Haka "akwai" da "ya ƙare", a rubuta da kalma, ba kore da ja kawai ba.

Wani abu da mu nan ya shafa kai tsaye shi ne salon haruffa. Da yawa daga masu kyan nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, balle ŋ ta Fulatanci, sai ka ga harafi ɗaya ya fito daban a tsakiyar kalma ko ya zama akwati. Kafin ka zaɓa ka rubuta ƙoƙari da ɓarna da ɗaɗɗaya ka gani. Noto Sans na da su, Andika na SIL ma na da su kuma don masu koyon karatu aka yi shi. Salo ɗaya ya isa, kowane ƙari nauyi ne.

Maganar nauyi kuwa, ka tuna mai shigowa da forfe, wato data, na kwana ɗaya yake, rezo kuma yana zuwa yana ɗaukewa da zarar an bar gari. Hotuna ka rage su ka mai da su WebP, ka sa musu loading="lazy" don kar su sauko sai an kusa zuwa kansu, bidiyon da ke kunna kansa a saman shafi ka cire shi kwata-kwata, ka yi ƙoƙari shafin farko kar ya kai mega ɗaya. A cikin kayan aikin Chrome akwai inda ake rage gudun intanet don gwaji, ka yi amfani da shi, kar ka yaudari kanka da wayifai na ofis.

Kowane hoton kaya yana buƙatar bayanin alt, wato rubutun da manhajar ke karanta wa makaho a madadin hoton, kuma a nan ne ake gane wanda ya damu da wanda ke cika sharaɗi. Idan ba ka sa alt ɗin ba sam manhajar na iya karanto sunan fayil, mutum ya ji wasu lambobi marasa kan gado. Idan ka rubuta "keke" ma ba ka yi komai ba. Ka rubuta abin da mai saye zai so ya sani: "Keken guragu mai taya uku, ana tuƙa shi da hannu, yana da kwandon kaya a baya". Hoton ado zalla ka ba shi alt="" don a tsallake shi. Babban abin da zan ja kunnenka a kai shi ne farashin da aka rubuta a cikin hoto, irin tallan da ake haɗawa don WhatsApp a ɗora shi haka nan, da kundin kaya da aka ɗauka a hoto aka mai da PDF. Wannan duk duhu ne ga makaho. Farashi a sefa, faɗin mazaunin keke a santimita, nauyin da yake ɗauka, tsawon sanda, ko tana naɗewa, duk su zama rubutu na gaske a shafi. Kuma a shafin keke da na'urar ji ka sa layi ɗaya a fili cewa a zo a auna mutum tukuna, don keken da bai dace da jiki ba yana kawo gyambo, na'urar ji kuma sai an gwada kunne ake saita ta.

Bayan haka ka ture linzamin kwamfuta gefe ka bi shafin da Tab kawai, Shift da Tab don komawa, Enter don buɗewa, Esc don rufewa. Dole a kowane lokaci ka ga inda kake, saboda haka wannan outline: none da ake sawa don wai zoben yana ɓata kyau, ka goge shi, ka yi wa zoben launi mai kyau ya shiga cikin ado. Ka sa mahaɗin "tsallaka zuwa gundarin shafi" a farkon komai. Idan taga ta buɗe a kan shafi, Tab ya tsaya a cikinta har a rufe, in an rufe ya koma inda yake. Hotuna masu sauya kansu, in Alhaji ya nace, toh duk abin da ke motsi fiye da daƙiƙa 5 sai da maballin tsayarwa, kada wani abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa saboda masu farfaɗiya, kuma ka girmama prefers-reduced-motion, wato saitin da mutum ke sawa don a rage masa motsi a allo.

Harshe kuma. Shafin zai kasance da Faransanci, wataƙila da Turanci, amma ka yi wa mai kamfanin bayani cewa da yawa daga masu sayen Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa suka fi ji. Ka sa lang="fr" a shafin Faransanci, lang="ha" a na Hausa, lang="ff" a na Fulatanci, don manhajar ta san da wane harshe take hulɗa. Abin da ya fi aiki a nan shi ne murya, a samu mai murya mai daɗi ya karanta bayanin kowane kaya a taƙaice a naɗa, a sa maballin kunnawa babba kusa da hoton, mutum ya danna da kansa, kar ya tashi haka kawai don zai danne muryar TalkBack. Duk abin da aka faɗa da murya a rubuta shi a ƙasa saboda kurame, bidiyo ma a sa masa rubutu a gyara shi da hannu, in da hali a sa mai maganar hannu daga cikin kuramen garin don wadda suke yi ita za su gane.

Fom ɗin oda shi ne inda ciniki ke mutuwa. Kowane gurbi ya samu label na gaske da ke zaune a samansa, ba rubutun cikin gurbi mai ɓacewa da an fara rubutu ba. Ka rage tambayoyi, suna, lambar waya, gari, kwatance. Ka bar gurbin kwatance a buɗe don mu nan da "bayan babban masallaci" ake gane gida ba da lambar titi ba, kar kuma ka tilasta imel. Lambar waya ta karɓi ta Kamaru mai +237 da lamba 9, ta karɓi ta Cadi mai +235 da lamba 8, da ta Najeriya don masu zuwa daga Mubi da Yola. In an yi kuskure a faɗa da kalmomi a gefen gurbin, "lambar wayar ba ta cika ba", kuma kar a goge abin da mutum ya riga ya rubuta. Gwajin nan na zaɓo hotunan mota ko fitilar hanya ka rabu da shi, akwai ɓoyayyen gurbin tarko da ke kama na'urori ba tare da an wahalar da mutum ba. Wajen biya da MTN MoMo ko Orange Money, ko Airtel Money da Moov Money a Cadi, ka tuna mai TalkBack sai ya fita ya saurari saƙo ya sa lambar sirri ya dawo, yana buƙatar lokaci, saboda haka kar shafin ya yanke masa, a gargaɗe shi a ba shi damar ƙara lokaci. Kuma ko yaushe a bar maballin kira da na WhatsApp a bayyane da rubutu a jikinsu, wani da saƙon murya zai gama cinikinsa, kurma kuma da rubutu.

Za a zo maka da tallan wani ɗan maballi da ake liƙawa a kusurwar shafi wai layin kod ɗaya ya gyara komai. Kar ka kashe kuɗin Alhaji a kai. A Janairu 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin accessiBe biyan dala miliyan 1 saboda iƙirarin cewa manhajarsa na sa kowane shafi ya cika sharuɗɗan WCAG. Makaho ya riga ya zo da kayan aikinsa, tsabtataccen shafi yake nema.

Kafin buɗewa ka gayyato mutanen da kansu, makaho mai amfani da waya, kurma, dattijo mai raunin gani, wanda hannunsa ba ya aiki sosai, ƙungiyoyinsu na nan a kowane babban gari kuma ofishin kula da jin daɗin jama'a ya san su. Ka sa kuɗinsu a cikin lissafin aikin tun farko, na mashin da na lokacinsu, don gwaninta suka kawo maka. Ka ba kowa aiki ɗaya a wayarsa ta kansa, "Malam a taimaka a nemo mana batiri mai lamba 13 a yi oda", sai ka yi shiru, kar ka nuna, kar ka karɓi wayar, ka dai rubuta inda ya tsaya da inda ya koma baya. Ka gyara, ka sake kiransu.

Ranar buɗewa ka ɗauko jerin tsofaffin adireshin nan ka juya kowanne zuwa sabonsa da umarnin turawa mai lamba 301, don mahaɗan da aka daɗe ana turawa a WhatsApp kar su mutu. Ka ƙara ɗan shafi da ke cewa wanda ya samu matsala wajen amfani ya kira ko ya turo saƙo ta lamba kaza. Sannan ka zauna da wanda zai riƙa ɗora sabbin kaya ka koya masa abu uku a aikace, rubuta alt, sa kan magana daidai, da rubuta farashi a matsayin rubutu, ka buga masa su a takarda ɗaya ya liƙa kusa da kwamfuta. A yarjejeniyar kuma ka sa cewa duk lokacin da aka sabunta jigo ko aka ƙara wani sashe za ka dawo ka sake bin shafin da Tab da TalkBack, kuma ka faɗi kuɗin wannan dubawar tun yanzu.